Ranar da na juya gabas a cikin na'urar hoto

Ko na manta sunan kowa a duniya, ranar da aka tura ni cikin na'urar hoton asibiti ba za ta fita raina ba.

A shekarun da 'yan bindiga suka tashe mu daga Ruma ne, ina zaune Batsari a ɗakin aro. Maigida ya riga mu gidan gaskiya, 'ya'ya kowa ya kama gabansa. Sai ƙafata ta dama ta fara mutuwa, ina jan ta kamar ba tawa ba. Likita ya ce sai an ɗauki hoton ƙashin bayana a Katsina, in ba haka ba zan zama gurguwa. Ni kaɗai na hau mota.

Yarinyar da ke aikin ta sa na cire awarwaro da 'yan kunne, ta ce in kwanta rigingine, ko yatsa kada in motsa. Dariya na yi mata. Ni da na haifi tara ba wanda ya ji kukana, kwanciya ce za ta gagare ni?

Ashe cikin na'urar rami ne, fari, matsattse, hancina na neman taɓa rufinsa. Ya soma ƙara, irin wadda ta kore mu daga gida. Na ce to, nan ne ƙarshe, ba ɗa ba jika. In mutuwa ce, ba zan tafi a rigingine ba. Na mirgina kan hannun dama yadda ake kwantar da mamaci, na fuskanci inda nake zaton gabas ne, na kama kalmar shahada.

Aka jawo ni waje, hoto ya lalace. Babbansu ya ce ga mutane na jira, in na sake motsawa sai wata mai zuwa. Ni kuwa na san ƙafar ba za ta jira ba.

"Iya, wa ya rako ki?" in ji yarinyar.

"Allah."

Sai ta ajiye agogonta da makullanta, ta tsaya a bakin ramin ta riƙe mini diddige. "Muddin kina jin hannuna, kina duniya."

Aka sake tura ni, har aka gama ban motsa ba. Hoto ya fito, aka yi mini magani. Yau da sanda nake zuwa kasuwa, amma da ƙafata.

Tun daga ranar, in na ji wata za ta asibiti ba ɗan rakiya, mayafina nake ɗauka in raka ta. Jarumta tana da iyaka, kuma wani ciwon hannun mutum ne maganinsa.