Aljanun Motar Kaka Modu

Ranar Juma'ar farko bayan ƙaramar Sallah, ina aji huɗu na firamare, ina tsugune a ƙofar gidanmu a Moduganari ina wanke kwanukan tuwo, sai ga motar maƙwabcinmu Kaka Modu ta shigo layi. Tsohuwar mota ce fara mai dogon hanci, na tabbata ta girmi babana. Ramukan layinmu kuwa za su iya haɗiye akuya har da igiyarta. Amma motar nan ta shiga rami ta fito tana lilo a hankali kamar kwale-kwale a kan ruwa. Jikarsa Yagana, ƙawata, tana hakimce a baya da kofin shayi cike fal. Ta ɗago mini shi ta taga, ko ɗigo bai zuba ba.

Ni kuwa a keke napep ɗin babana ake kai ni makaranta. In ya faɗa rami, kaina ya gaisa da rufi, na ciji harshe, haddar da na yi da asuba ta zube a hanya. Yagana kuma kullum da sabon labari: yau ta sa kwalli mota na gudu, gobe ta yi barci tun daga cikin gari har gida. "Shokozobarta ce mai laushi," in ji ta, ita da ba ta san ma inda wannan ƙarfen mai shanye girgiza yake a jikin motar ba. Abin ya riƙa ci na kamar an zuba barkono a garwashi.

Sai na lura da wani abu. In Kaka Modu ya taka birki ya kashe ta ya fita, motar takan ci gaba da rausaya, gaba da baya, ba kowa a ciki. A wurin ɗibar ruwa na raɗa wa yara cewa aljanu ne ke sauka ɗaya bayan ɗaya. Na ce na ma ga ƙafar guda, kofato ne da ita. Kafin mako labarin ya shiga kowane gida, yara na tofa addu'a in za su gifta ta. Yagana ta yi kuka, ni kuwa ranar har ƙarin tuwo na nema.

Ana nan sai Kaka Modu ya ce zai kai mu Gomari kallon tashin jirgi, ni da Yagana. Na yi wanka har sau biyu, na zura kayan Sallata. Ina bakin zaure Umma ta cafke ni. "Ina zuwa? Motar aljanun? Wallahi ba da 'yata ba!" Na rantse mata ni na ƙirƙiri zancen. Ta dube ni sama da ƙasa. "Au, ashe ke ce maƙaryaciyar? To wuce ciki." Na sha bulala, kuma ban je ba. Ta kafar ƙyaure na hango ƙanwar Yagana ta baje a kujerar da aka tanadar mini.

Bara idon Kaka Modu ya raunana, 'ya'yansa suka sayar da motar ga 'yan gwangwan masu sayen tsoffin ƙarafa, aka ɗauke ta a bayan babbar mota. Yanzu ina babbar sakandare, na shiga motoci iri-iri masu sanyi da kiɗa, amma duk bayana na jin kowane rami. Laushin waccan kuwa ban san shi ba sai a bakin Yagana, kuma na rantse tana ƙara gishiri.