Bugun Zuciyar Jatau Ɗan Tauri

"Ni dai na gaya maka, ba tsoro na ba," in ji Kawu Jatau, yana buga ƙotar fartanyarsa a jikin dutse don ruwanta ya zauna. "Wanda duk yac ce tsoro na, ƙarya shikai."

"Wa yac ce tsoro na?" Inna Turai, matarsa, ta amsa daga bakin zaure tana tsince shinkafa a faifai. "Taurin kai na, Maigida. Da na biye maka, da yanzu ciyawa ta rufe kushewarka."

"Ka ji ta ko? Hakanan take tun tana amarya."

Kawu Jatau wan mahaifiyata ne, manomi a Birnin Tudu ta ƙasar Bakura. Jan mutum ne, gajere, mai faɗin ƙirji. Ban da noma, ɗan tauri ne, irin waɗanda suka sha magani don kada ƙarfe ya ci jikinsu. Tun daga Faru har Dosara an san shi. In amininsa Yari ya rataya gangar tauri ya kira sunansa, sai ya fito fili ya gurza wuƙa a cikinsa har ta lanƙwashe, ya jefar da ita gaban jama'a. A al'adarsu, ko wanzami ba ya aske ɗan tauri sai ya ce ya ba aska izini.

Da aikin madatsar Bakolori ya zo, katafiloli suka shigo fadama suka baje gonaki. Ɗorawar da kakansa ya bari, a gabansa aka tumɓuke ta da saiwarta. Damina ta zo ta wuce ba shuka, wata ta sake zuwa ta wuce, rumbuna suka koma wurin kwanan kaji. A bazarar 1980 manoma suka tare hanyoyin zuwa wurin aikin da kututture da duwatsu. 'Yan tauri ne a gaba, don nan ne wurinsu duk inda aka taru.

"Da safe motoci sunka iso," ya ce mini. "'Yan sanda masu kwalkwali sunka diro. Sunka fara jefa hayaƙi mai sa hawaye, munka jiƙa rawunna munka rufe fuska. Yari ya ɗauki kiɗi, ni kau na zare wuƙa ina kirari. Sai na ji ganga ta yi wata irin ƙara, fau, ba irin tata ba. Na waiwaya. Harsashi ya fasa fatar ganga ya shige ƙirjinai. Shina tsaye, gula na hannunai, jini na fita ta baki."

Ya ce daga nan ba wanda ya san gabas. Ya ga wani tsoho ya durƙusa ya ɗaga hannuwa sama, aka sa gindin bindiga aka fasa masa kai. Ya ga wata mata da goyo ta faɗi rubda ciki, yaron yana ta kuka a bayanta ita kuwa ba ta motsi. Wuta ta kama jinkaye, jakuna suna gudu da igiya a ƙafa. Ya sunkuya zai ja Yari, sai ya ji kamar an doke shi da taɓarya a cinyar hagu. Ya mirgina cikin magudanar ruwan da ba a gama ginawa ba, ya kwanta ƙarƙashin gawar wani mutum da bai sani ba, jinin mutumin da nasa suna haɗuwa a cikin turɓaya. Da ƙarar bindiga ta yi nisa, ya kwance rawani ya ɗaure cinyar da haƙora da hannu ɗaya.

Ba wanda ya gaya wa. Ya ce wa mutane targaɗe ya yi. Ɗan taurin da ƙarfe ya ci, ya gama fita fili, kuma a lokacin kowa na tsoron nuna rauni kada a ce yana cikin masu tare hanya. Sai ya riƙa shiga bayan gida shi kaɗai yana wanke wurin da ruwan zafi, yana cusa garin bagaruwa, ya saki wando a kai. Raunin ya rufe daga sama, daga ciki yana tsattsafo da jini da ruwa.

Da damina ta faɗi, zuciyar ta fara. Yana cikin huɗa sai ya ji ta tashi kamar an saki kaza a cikin buhu, tana bugawa da sauri, ta tsaya, ta sake zabura. Idonsa ya yi duhu, gumi mai sanyi ya karyo masa. In mota ta yi tari a kan hanya, ko wani ya jefar da kwano, sai ta tashi. Ya ƙara goro da taba don ya ji ƙarfi, abin ya ƙaru. Ita ma bai faɗa ba, don in ɗan tauri ya ce gabansa na faɗuwa, yara ma sai sun yi masa waƙa.

"Ni na gane," in ji Inna Turai. "Na kawo mai ruwan alwala, na ga jijiyar wuyanai na rawa kamar ƙadangare. Nac ce mi na na? Yad daka mani tsawa har buta ta faɗi."

Abin da ya yi shi ne abin da kowa a garin zai yi. Ya kira Dikko wanzami a ɓoye, ya ce mataccen jini ne ya taru masa a ƙirji tun ranar da ya ga mutuwar Yari. Ya ba aska izini, aka kafa masa ƙaho a baya da ƙirji, aka tsotse jini cikin kasko. Da bai ji sauƙi ba, aka sake. Aka kuma sakewa. Jinin da ya rage masa bayan na cinya, shi wanzami yake kwasa yana zubarwa a rami.

Ran kasuwar Bakura ya yanke jiki ya faɗi a cikin 'yan albasa. Aka sa shi bayan motar hatsi, Inna Turai na riƙe da kansa, sai asibiti a Talata Mafara.

Ma'aikacin da ya karɓe su sunansa Malam Daniel, baƙo ne amma ya daɗe a Mafara. Ya riƙe wuyan hannun Kawu yana duban agogo, ya ja fatar idonsa ƙasa ya ga fari fat kamar takarda. Ya ce sai an ɗebi jini an auna. Da Kawu ya ga allura, ga mutanen ƙasar Bakura zaune a kan benci suna kallo, sai ya zabura ya hankaɗe faranti, kwalabe suka tarwatse, ya cakumi wuyan rigar Malam Daniel ya haɗa shi da bango.

"Ka san ko ni wane ne? Ƙarfe ba shi cin Jatau!"

Bai rufe baki ba zuciyar ta tashi, ya zame ƙasa a kan fasassun kwalabe.

Inna Turai ta durƙusa kusa da kunnensa, amma ta ɗaga murya yadda na kan benci za su ji. "Maigida, ai ko aska sai ka ba ta izini. Ba allura izini mana, kar ka karya wa bawan Allah kayan aiki."

Ya daɗe yana haki. Sannan ya miƙa hannu ya ce, "Na ba ta."

A ɗakin ciki likita ya sa abin saurare a ƙirjinsa da bayansa, ya auna hawan jini, ya ga tabon ƙaho jere. Ya ce ita kanta zuciyar bai ji ciwo a cikinta ba, jini ne ya yi mata kaɗan shi ya sa take gudu. Amma ƙaho kaɗai bai isa ya ƙarar da jinin ƙato irin wannan ba. In ba a san inda sauran ke tafiya ba, to wata rana za ta gaji.

"Baba," in ji Malam Daniel, yana riƙe da yagaggen wuyan rigarsa, "akwai inda jini ke fita?"

Kawu ya dubi bango. Harsashin da ke cikin cinyarsa, wannan ƙarfen bai ba shi izini ba. Ya ce mini ya tuna Yari a tsaye da gula a hannu, ya tuna 'ya'yan Yari da yanzu shi ke auna musu dawa. Sai ya kwance mazagi ya sauke wando. Warin da ya tashi ya sa Inna Turai toshe hanci, sannan ta fashe da kuka tana dukan kafaɗarsa da hannu biyu.

Aka tsaga cinyar, aka ciro guntun harsashi, aka matse mugunya. Aka ƙara masa jini, aka ba shi ƙwayoyin ƙarin jini, aka hana shi ƙaho da taba, goro kuma ɓari ɗaya. Kafin ya dawo gida labari ya riga shi. Tun daga nan ba makaɗin da ya sake kiran sunansa a fili, shi ma bai tambaya ba.

Na ce, "Kawu, har yanzu tana tashi?"

"Awo, jefi-jefi. In mota ta yi tari. Sai in zauna in ja numfashi a hankali har ta kwanta. In ta daɗe, ko na ji jiri, in tahi Mafara Daniyel ya saurara." Ya yi murmushi. "Na ɗinka mai riga sabuwa."

"Ni na ɗinka," in ji Inna Turai.

Wani ya ƙwala kira daga bakin hanya cewa an saki ruwa a magudana, yau layinsu ne. Kawu ya miƙe, ya dafa ƙirji ya ɗan saurara, ya saɓa fartanya. Ya nufi gonar albasarsa yana ɗingisa ƙafar hagu.