Sunan da Ban Kira Ba

Shekara talatin da ɗoriya na yi da mijina, ban taɓa kiran sunansa ba. Malam nake ce masa, ko maigida, in kuma raina ya ɓaci in ce "kai". Haka na ga uwata tana yi a Kano, haka na ƙullo abina na zo da shi London. Ko a asibiti aka tambaye ni sunan miji, sai in zaro katinsa daga jaka in miƙa. Wata ma'aikaciya ta taɓa zaton ban iya karatu ba ne, ta koma yi mini magana a hankali kamar mai lallashin yaro. Na ƙyale ta. Ina ruwanta da kunyata?

Malam direban bas ne har ya yi ritaya, a flat ɗinmu na Tottenham kuma Allah ya karɓi abinsa. 'Ya ɗaya muka samu, mace. Ba ɗa namiji da zai liƙa sunan uban a bayan nasa, don haka tun ranar sadakar bakwai na sa a raina cewa in Allah ya ba yarinyar nan ɗa, sunan ubanta za a mayar. Ban faɗa wa kowa ba. A wurinmu wannan ba abin faɗa ba ne, kowa ya sani.

Sai ta auro ɗan ƙasar Iceland. Ma'aikacin jinya ne, a wurin aiki suka haɗu a Whitechapel. Dogo ne, shiru-shiru, ya musulunta tun kafin a kai ga maganar aure, kuma yana cin tuwo da hannu fiye da ita da na haifa. Mama yake ce mini, yana sunkuyar da kai. Wallahi ba ni da abin cewa a kansa, har ranar da maganar suna ta taso.

Cikinta na wata bakwai ta zo gidana wata Lahadi, tana ta kame-kame. Ta ce, "Mama, na yi wani mafarki. Wani mutum ya tsaya a bakin ƙofa da rigar sanyi a jiƙe, yana kallona, bai ce komai ba."

Na ce, "To ki rage cin yaji da yamma."

Ashe magana ta wuce nan. Ta riga ta gaya wa mijinta, shi kuma ya buga wa uwarsa waya, tsohuwa ta fashe da kuka. Wai a ƙasarsu idan mamaci ya zo wa mai ciki a mafarki, sunansa ya zo nema, kuma ba a hana shi. Mai jiƙaƙƙiyar rigar kuwa ba kowa ba ne illa mahaifin surukina, masunci, wanda teku ta cinye tun surukin nawa yana yaro, ba a ga ko gawarsa ba. Sunansa Gudmundur.

Na ajiye muciyar da ke hannuna. Na ce, "Ke yanzu mutumin da ba ki taɓa gani ba ya tsallako teku ya gane ƙofarki a Tottenham, amma ubanki da ke kwance nan kusa, bas ɗaya za a hau, shi ne bai san hanya ba? Wa ya goya ki? Wa ya yi sammako cikin sanyi yana tuƙi don ki yi karatu?"

"Mama, ni fa ban yi choosing mafarkin ba."

"Mamaci addu'a yake buƙata, ba yawon neman suna ba."

Ta dube ni kamar za ta ce wani abu, ta fasa. Da ta tambaye ni me ya sa to nake nema wa nawa mamacin, da ban san amsar da zan ba ta ba. Amma ranar ban ga haka ba. Fushi nake, kuma na yi sati biyu ina yi.

Da haihuwa ta matso, tsohuwar ta sauka London da akwati cike da busasshen kifi da ƙananan rigunan ulu da ta saƙa da hannunta. Gajeriya ce, kai fari fat, ba ta kwana-kwana a magana. Da Turanci muke yi, nata a karye, nawa a karye. Ita ta zaunar da ni ta warware mini sunan. Ta ce kalma biyu ce aka haɗa: ta farko Ubangiji, ta biyu kariya, wato wanda ke cikin kariyar Ubangiji. Ta ce tsohon suna ne ƙwarai, tun kafin addinin Kirista ya isa tsibirinsu ake sa shi, kuma a garinsu na masunta da wuya ka shiga layi ba ka sami mai shi ba. Mijinta daga kakansa ya gada, kakan ma daga nasa kakan. Ta ƙara da cewa su ma kamar mu ne, da sunan uba ake kiran ɗa, don haka wata rana 'ya'yan jaririn nan za su amsa sunan a matsayin na mahaifinsu.

Ni abu ɗaya kunnena ya kama: tun kafin addini. Washegari na yi wa limanin unguwarmu sallama, ina fata ya ce haramun ne in huta. Ya tambayi ma'anar, na faɗa masa. Ya ce bai ga aibu ga sunan da ke cewa Allah ne mai tsarewa ba. Na fito ina tsaki, na ƙara liman a cikin waɗanda nake fushi da su.

Aka haifi yaro namiji. Nan ma wata sabuwa: wai a al'adarsu iyaye kan ɓoye sunan jariri, sai a yi wata biyu ko uku ana ce masa "yaro" kafin a bayyana. Na ce ba a jikana ba. Na riga na yi booking ɗin rago wurin mahauci, na gayyaci mata, kwana bakwai ne ba ƙari. Surukina, bawan Allah, ya zo ya durƙusa ya ce, "Mama, za a sa duka biyun."

Na ce, "Wanne ne a gaba?"

Ban jira amsarsa ba. Na ce mijina ba ɗan rakiya ba ne. Na yi kuka, na ƙi abinci, na ce in an sa shi a baya ba za a gan ni wurin suna ba. Tsohuwar ce ta kashe maganar. Ta ɗaga kafaɗa ta ce a sa nawa a gaba, ita ba ta damu da abin da takarda ta ce ba. Na ɗauka ta karaya ne. Har na ji tausayinta kaɗan.

Ranar suna muna kicin muna soya waina, na jiyo muryar liman daga falo ya ambaci sunan Malam sarai, maza suka shafa fatiha. Na jingina da firij na yi hawaye. Aka je council wurin rajistar haihuwa aka rubuta shi a gaba, na masunci a baya. Na ce alhamdulillahi, na yi wa mijina abin da ya kamata.

To daga nan fa? 'Yata ba za ta kira sunan ubanta ba, ni na yi mata wannan tarbiyya, kuma ina alfahari da ita. Abba take ce wa yaron. Ni kuwa abin ya zo mini daidai: jika ne, dama mijin wasa ne, ga shi kuma takwaran mijin gaske. Maigida nake ce masa. "Maigida, ina cefane? Maigida, yau ma ba ka ba ni kuɗin zani ba." Matan da muke zumunci da su suka bi sahu, wannan ta ce Abba, waccan ta ce Mai-sunan-Malam. Surukina ya ga duk muna kauce wa sunan, shi ma ya kauce, don shi mutum ne mai gudun laifi.

Tsohuwa kuwa kullum tana kan waya. Fuskarta ta cika allon wayar, tana rangaɗa sunan mijinta kamar mai kiran awaki: "Gudmundur! Gudmundur!" In ta so wasa ta gajarta ta ce Gummi. Abin yana ba ni haushi ba kaɗan ba. Mace ta buɗe baki ta kira sunan mijinta haka gatsal, mijin ma da ya rasu? Nakan bar ɗakin in na ji ta fara.

Yaron yana shekara huɗu wata rana aiki ya riƙe iyayen, aka ce in ɗauko shi daga nursery. Ban taɓa zuwa ba. Malamar da ke bakin ƙofa ta tambaye ni wane yaro. Na laluba jaka, babu kati, babu takarda. Na karɓi biro a hannunta na rubuta sunan Malam a bayan wani rasit na miƙa mata. Ta karanta, ta girgiza kai, ta ce ba su da yaro mai wannan suna. Na ce akwai. Ta shiga ta duba rajista, sai ga ta tana dariya. "Oh, Gummi! You mean Gummi!"

Ta kai ni inda yara ke rataye riguna. Kowace ƙugiya da sunan mai ita. A saman jar rigar jikana an rubuta Gudmundur da manyan baƙaƙe, har da zanen kifi a gefe. Malamar ta ce ranar farko sun kira shi da sunan da ke gaba a takarda bai waiga ba, da suka tambaye shi sunansa, wannan ya faɗa.

Muka hau bas. Ina riƙe da hannunsa, zuciyata tana tafasa. Wato duk kukan da na yi, da ragon, da wainar, a banza? An bar mini takarda an tafi da yaro. Lallai tsohuwar nan ta iya shiri, shi ya sa ta ɗaga kafaɗa.

Allah ya sa a watan ta zo hutu. Ranar Asabar na same ta a gidan 'yata tana shafa wa busasshen kifinta man shanu, yaron yana ƙasa yana wasa da motoci. Ban ko zauna ba. Na ce ta ci amanata. Na ce an yi magana a gaban mutane, sunan mijina ne a gaba, ita kuma ta bi ta bayan gida ta cusa nata har ya shafe nawa. Ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. 'Yata tana cewa "Mama, please," na ce ta rufe mini baki.

Tsohuwa ta bari na gama. Ta ajiye wuƙar, ta ce, "Ni ban shafe komai ba. Nawa na kira. Ba ni da kabarin da zan je, sunan nan kaɗai teku ta bar mini. In na daina kiransa, ina zan same shi?"

Na ce, "Mu girmamawa ce ta sa ba ma kira."

"Na sani yanzu, ɗana ya yi mini bayani. Da farko na zaci mugun miji ne, shi ya sa ba kya son jin sunansa."

Kamar ta watsa mini ruwan zafi. Malam? Mutumin da bai taɓa ɗaga mini murya ba? Shekara talatin ina tattalin sunansa a bakina, ashe a idon wata ƙiyayya ce. Na buɗe baki zan wanke ta tas, sai ta riga ni.

"Na so in riƙa haɗa masa duka biyun. Na gani a rubuce, amma ban san yadda ake faɗa ba. Sau ɗaya na ji, ranar suna, cikin hayaniya. Shekara huɗu ina jira in ji daga bakin ɗayanku. Ki faɗa mini yanzu, in koya."

Na dubi 'yata, ta sunkuyar da kai, kamar yadda na koya mata. Na dubi surukina, yana kallon ƙasa, kamar yadda ya koya a wurinmu. Na shiga lissafin wanda ya rage a garin nan da zai iya faɗa. Abokan Malam na tashar bas, wasu sun rasu, wasu sun koma gida. Liman ya yi nasa tun ranar suna. Ba kowa sai ni.

Har yau in na tuna ina jin haushi, kuma na rasa wanda zan ɗora wa. Ban yarda uwata ta koya mini kuskure ba. A Kano in mace ta yi shiru da sunan mijinta, akwai 'yan'uwansa da abokansa da dukan unguwa suna kira mata shi safe da yamma. Ba wanda ya gaya mini cewa a Tottenham in na yi shiru, shi ke nan kowa ya yi.

Na zauna a bakin kujera. Na ce a raina, Malam ka yafe mini. Sannan na dubi yaron na kira sunan. Muryata ta fito kamar ba tawa ba.

Bai waiga ba. Yana ta tura motarsa a kan kafet.

Na sake kira, da ƙarfi wannan karon. Ya ɗago kai, ya dubi ƙofa ya ga ba wanda ya shigo, sannan ya juyo gare ni.

"Kaka, who's that?"

Na ce, "Ajiye motar nan ka zo. Kai ne."