Gawon Bappa Dogo

Ni na sare gawon Bappa Dogo, da gatarina da hannuna, shi ya sa har yau in aka ambaci sunan Abdulfatah sai in ji abinci ya fita kaina. Amma bari in fara gaya muku wane ne Dogon, don wanda bai san shi ba ba zai gane girman abin da aka yi masa ba.

Sunansa na yanka Siddiq, sai dai ban da ranar ɗaurin aurensa ban taɓa jin an kira shi da shi ba. Shi Bafillatani ne, ni Bamange, abokan wasa ke nan, saboda haka tun muna yara ba mu da aiki sai tsokanar juna. In ce masa bai iya riƙe fartanya ba, ya ce ni ko akuya aka ba ni kiwo sai ta ɓata. A Jigawar Barau muka tashi, wani ɗan ƙauye arewa da Sule Tankarkar, inda mutum zai bi sawun jakinsa ya tsinci kansa a Nijar bai sani ba. Shekara talatin Dogo ya yi yana kai shanun gidansu kudu duk rani, ya dawo da faɗuwar ruwa. Bai daina ba sai da wani bijimi ya make shi da gindin rijiya ya gurɗe masa ƙugu. Daga nan ɗansa Yazid ya karɓi sanda, shi kuma ya zauna gida da tsofaffin shanu biyu, da 'yan tumaki, da gonar gero, da gawon da ke tsakiyarta.

Kowa ya san halin gawo. Damina ta zo ya zubar da ganye ya tsaya fayau, rani ya shiga ya yi kore shar. Na Dogo kuwa babu irinsa a yankinmu, mutum uku ba sa zagaye shi da hannu. 'Ya'yan gawon ne ke riƙe masa dabbobin da suka rage a gida har ruwa ya sauka, geron gindinsa kuma ya fi na ko'ina zangarniya. Kakansa ma tarar da shi ya yi. A inuwarsa aka raɗa wa Yazid suna.

Babbar damuwarmu a ƙauyen ita ce waya. Wayar hannu ba ta kamawa sai ka hau kan jigawa ka ɗaga ta sama, nan ma rabin lokaci sabis ɗin Nijar ne zai leƙo ya koma. Waɗanda suka tafi kudu da shanu, sai dai a ji labarinsu a bakin matafiya ranar kasuwar Maigatari.

Sai ga Abdulfatah. Ɗan ƙanwar Dogo ne, uwarsa ta rasu yana goye, a ɗakin matar Dogo aka yaye shi, Dogo ne kuma ya tsaya masa har ya yi karatu. Ya girma ya zama ma'aikacin wani ƙaramin kamfanin intanet a Gumel. Wata rana ya zo da mota, aka sauke dogon ƙarfe, da wani farin faranti, da sola da batir, da waya irin ta kan tebur mai igiya. Aka kafa ƙarfen a bayan gidan Dogo. Ya tara mu ya yi mana bayani, ya ce akwai wani farantin a kan ƙarfen Gumel, kuma dole su biyun su riƙa kallon juna ido da ido, babu abin da ya gitta. Muryar mutum, in ji shi, ana gutsuttsura ta ne ƙanana-ƙanana a jefa ta iska daga wannan faranti zuwa wancan, ta bi intanet, ta je ta faɗa wayar hannun wanda ake nema, ko yana ina. Ya ce saƙon rubutu yana iya jira a hanya, amma murya ba ta jira, in gutsure ɗaya ya makara magana ta lalace. Ya gargaɗe mu da ruwan sama, wai shi ne zai riƙa ba mu matsala.

Dogo ya zama mai tsaron waya. Kai, ku ga mutumin nan! Wanda rediyo ma bai iya kamo tasha ba, sai ga shi kullum da safe yana goge sola da gefen rawaninsa, yana korar kaji daga wajen batir, yana tsara wa mata layi a zaure. Na sa masa suna Manaja, ya ce ai gara shi, ni ko maigadi ba za a ɗauke ni ba.

Da damina waya ta yi ta aiki tangaram, ana tsuga ruwa ana hira. Amma da damina wa za mu kira? Kowa yana gida. Da aka yi girbi, shanu suka juya kudu, daidai lokacin da ake bukatarta, sai ta fara in'ina. Ka ji sallama, ka ji wutsiyar magana, tsakiyar ta ɓace. Abdulfatah ya zo ya canja batir, ya canja igiya, ya hau ƙarfe ya sauko, ya ce shi kam abin ya ɗaure masa kai. Ruwa na sauka ta warke. Rani na biyu ta koma gidan jiya.

Dogo ya gane dalili tun ranin farko, daga baya ya faɗa mini. Yana kishingiɗe a gona ya dubi farantin, ya dubi wajen Gumel, ya ga kan gawonsa a tsakani ya cika da ganye. Ya yi shiru da bakinsa shekara guda cur, don ya san abin da faɗar za ta jawo. Ban ga laifinsa ba.

Abin da ya buɗe masa baki kiran Yazid ne. Matar Yazid, Zakiyya, ta bi shi kudu da tsohon ciki. Wata ranar Talata da hantsi waya ta yi ƙara, Dogo ya ɗauka, abin da ya ji kawai shi ne, “Baba, Zakiyya ta…” sai ƙuru-ƙuru, sai shiru. Aka kira, aka sake kira, ba a jin komai sai gutsattsarin murya. Kwana biyu gidan nan ba a ɗora tukunya ba. Sai da na hau babur na je Sule Tankarkar na kira da wayar hannu, na ji ashe haihuwa ta yi lafiya, ta sami 'ya mace. Da na kawo albishir Dogo ya yi hamdala, sannan ya ce in kira masa Abdulfatah.

A gabana ya gaya masa cewa gawo ne. Ya ce zai sa a riƙa sassabe kansa duk shekara, dama ana yi wa dabbobi haka. Abdulfatah ya girgiza kai, ya ce sassabe ba zai yi ba, sai dai a kawar da shi gaba ɗaya. Dogo ya dube shi ya ce:

“In na sare shi, za a riƙa jin muryar yaran nan?”

“Kawu, muddin ina numfashi wayar nan ba za ta bar zaurenka ba.”

Washegari Abdulfatah ya kawo takardar izinin sara daga wajen malaman daji. Ni da shegen wauta har na yaba masa da zafin nama. Na ninke ta na sa a cikin hulata, tunda ni ne mai gatari. Kwana uku muna sara ni da mutum biyu. Dogo bai zo gonar ba ko sau ɗaya, ya ce ƙugunsa ne ya tashi. Ranar da ya faɗi, har cikin gari aka ji ƙasa ta amsa. Da yamma Yazid ya kira, murya fes, har kukan jaririyar muka ji. Dogo ya riƙe wayar da hannu biyu yana dariya, hawaye na bin gemunsa.

Sati bakwai muka ci moriyarta.

Rannan sai ga motar kamfani da ma'aikata biyu, babu Abdulfatah. Suka hau ƙarfe suka sauke ɗan farantinmu, suka ɗaura manya guda biyu, ɗaya na kallon Gumel, ɗaya na kallon Maigatari. Suka zagaye gindin da waya mai ƙaya, suka sa kwado. Sannan babban cikinsu ya shiga zaure ya fara naɗe igiyar wayarmu. Na ce masa lafiya? Ya ce ai wani babban ɗan kasuwa ne mai rumbunan kaya a Maigatari ya ɗauki layin gaba ɗaya, don ma'aikatansa su riƙa kiran abokan cinikinsu, kuma ya ce ba ya son a raba da kowa. Ƙarfenmu zai zama zango ne kawai, magana ta sauka ta wuce. Bawan Allah bai san ko su wane ne mu ba, sai ya ƙara da cewa tun bara aka so a yi aikin, wata ƙatuwar bishiya ce ta hana. Wai don 'yar wayar ƙauye da an rage wa bishiyar kai ma ya isa, manyan farantan ne ke son fili sosai.

Na koma gida na zaro takardar nan daga tsohuwar hulata, na ba 'yata Sumayya ta karanta mini kwanan watan. An rubuta ta wata biyu kafin Zakiyya ta haihu. Wato duk hawa ƙarfen nan da canja batir da ɗaurewar kai, ya san gawo ne. Ya san kuma in ya buɗe baki ya roƙa don wani ɗan kasuwa, kawunsa ba zai yarda ba. Sai ya ajiye takarda a aljihu ya zauna yana jiran ranar da tsoho zai ji tsoro ya miƙa wuya da kansa. Wallahi ko bare ne ya yi haka da ciwo, balle wanda aka yaye a ɗakin.

Na je Gumel har sau biyu nemansa, aka ce yana Kano wajen aiki. Ya aiko wa kawunsa da shadda da saƙon cewa hukuncin daga sama ne, yana nan yana ƙoƙari. Shaddar tana nan a leda, ba a buɗe ba.

Ranin da ya biyo baya tsohuwar saniya ɗaya ta kwanta ba ta tashi ba, babu 'ya'yan gawon da za su riƙe ta. Yazid ya tafi kudu, muka koma jiran matafiya ranar kasuwa. Na sami Dogo zaune kan kututturen, rana na dukansa, farantan nan biyu suna ƙyalli a bayansa. Zuciya ta ɗebe ni na ce ya ba ni izini kawai, gatarin da ya kayar da gawo ba zai kasa tsinke igiyoyin ƙarfen nan ba.

“A'a, Ya'u,” ya ce. “Yanzu haka wani yana magana a ciki. Ka san ko da ɗansa yake yi?”

Na ce to shi ke nan, Manaja, sai mu zauna a riƙa wuce mu ta sama. Ya jawo sandarsa ya ɗaga wata ƙaya da ya kewaye gefen kututturen da ita. A ƙarƙashi wani ɗan tofo ne ya fito daga saiwa, bai kai tsawon hannu ba, ganyensa kore shar a tsakiyar rani. Na dubi wajen Gumel, na dubi ƙarfen. Daidai kan hanya yake.

Na ce masa kafin wannan ya kai farantin, ni da shi mun daɗe a ƙasa. Ya mayar da ƙayar a hankali ya danne ta da dutse.

“Na sani,” ya ce. “In na riga ka, ka riƙa korar masa awaki.”