Harsunan Ƙarfe na Katung

Idan ka je Kafanchan ka tambayi tsofaffin 'yan acaɓa wane ne Katung, har yau za su nuna maka wata bishiyar mangwaro a bayan tashar jirgin ƙasa, su ce a nan yake zama a da. Makanikin babura ne, irin baburan nan masu shan fetur haɗe da baƙin mai, masu wucewa su bar maka shuɗin hayaƙi a fuska. Ƙananan janaretocin unguwa ma wurinsa ake kai su. Abu ɗaya kowa ya san shi da shi, Katung ba ya yar da komai. Ƙusar da ta lanƙwashe zai miƙe ta, fulogin da ya mutu zai kankare shi ya tashe shi. Ka ce masa a sayi sabo, sai ya dube ka kamar ka zage shi.

A cikin irin wannan inji akwai wani ɗan bawul tsakanin kafireto da cikin injin, mai 'yan harsuna sirara. Fistin ya hau, harsunan su buɗe mai da iska su shiga. Ya sauko, su rufe kada abin da ya shiga ya dawo. In suka lalace babur sai tari da kasala. Na kasuwa yawanci jabu ne, don haka Katung yake yanka nasa da hannu daga siririn ƙarfe, ya goge bakinsu da magagari har su kwanta luf. 'Yan acaɓa sukan ce babur zai tsufa ya mutu, harshen da Katung ya sa masa yana nan. Shi kuwa in ya ji haka sai ya yi kamar bai ji ba, alhali daɗin yana kai masa har wuya.

Matarsa Olive ma'aikaciyar jinya ce. Ta sami aiki a Amurka, ta tafi da ɗansu Raymond yana ɗan firamare, a kan cewa maigida zai biyo baya ba da jimawa ba. Takardu suka maƙale. Yau a ce gobe, gobe a ce baɗi. Ranar da Katung ya sauka a Largo, garin da suke zaune a Amurka, wani saurayi mai gemu ne ya karɓi jakarsa, ya ɗan rusuna kamar yadda uwarsa ta koya masa, ya ce, "Sannu da zuwa, Baba." Iyakar Hausar da ta fito daga bakinsa ke nan a ranar.

Aikin da ya samu a wani asibiti shi ne tura keken zannuwan gado, daga ɗakin wanki zuwa ɗakunan marasa lafiya, a dawo da masu dauɗa. Ba wanda ya wulaƙanta shi, gaskiya. Amma faratunsa da suka shekara da shekaru baƙi ƙirin da mai suka yi fari fes, kuma wannan farin yana ba shi kunya. A gida kuwa shi da Raymond sai zaman fasinjoji biyu da mota ta haɗa. Uba ya yi magana da Hausa, ɗa ya amsa da Turanci a taƙaice, daga nan sai ƙarar cokali. Abin yana cin Katung a rai ƙwarai. Ba ya neman komai a ƙasar nan illa yaron nan ya dube shi sau ɗaya ya ga mutumin da Kafanchan ta sani.

Raymond yana aikin haɗa na'urar sanyaya ɗaki, kuma yana da abokin aiki Bature mai suna Gregory. Shi ya koya masa wani wasa da ko a mafarki ba ka haɗa shi da ɗan Kudancin Kaduna ba, wato tsere da babur ɗin ƙanƙara. Abin ba shi da taya. Gabansa wasu dogayen ƙafafu ne guda biyu masu zamiya, bayansa bel mai haƙora. Ƙanƙarar Largo ba ta kwana biyu a ƙasa, saboda haka sai an ɗora shi a tirela an yi ta tafiya arewa, har inda tafki ke daskarewa mota ta hau kansa. Olive ta yi faɗa har ta gaji.

Wata Asabar da rana Katung yana falo ya ji an tada inji a gareji. Kafin ƙarar ta gama shiga kunnensa warin hayaƙin ya iso, warin fetur da baƙin mai. Bai san lokacin da ya sauka ba. Ya tsaya a bakin ƙofa yana saurare, sannan ya ce, "Wannan injin iska yake sha ta gefe." Raymond ya ɗago ya dube shi, ya matsa masa wuri, ya miƙa masa sifana.

Daga ranar gareji ya zama falonsu. Duk kakar nan suna kan injin babur ɗin ƙanƙarar, suna ƙara masa ƙarfi don tsere. Suka faɗaɗa ƙofofin silinda, suka sake salansa, har injin ya koma juyawa da gudun da Katung bai taɓa ji a wani babur ba. Uba yana Hausa, ɗa yana Turanci, amma yanzu kowa yana jin kowa. Faratun Katung suka sake yin baƙi. Olive ta ce masa, "Baban Raymond, ka wanke hannun nan kafin ka taɓa mini tuwo." Ya wanke, amma da gangan bai cuɗa sosai ba.

Sai aka zo kan bawul. Raymond ya ajiye harsuna iri biyu a kan tebur, Gregory yana tsaye a gefe. Na farko baƙaƙe ne, na kabon, marasa nauyi kamar ɓawon albasa. Na biyu na ƙarfe ne, irin na da, da suka zo cikin kwalin tarkacen tsohon mai babur ɗin. Katung ya ɗaga baƙin ya lanƙwasa shi da yatsa. Ya leƙa kwandon shara ya ga irinsa guda nawa, bakinsu duk ya zaizaye.

"Waɗannan fa?"

"Na bara ne, Daddy," in ji Raymond da Turanci. "Ana canza su bayan 'yan tsere kaɗan."

"A canza a zubar?" Katung ya girgiza kai. "Wannan ai roba ce. Ana cutar ku a ƙasar nan kuna godiya." Ya ɗauki na ƙarfen ya ɗaga shi wajen haske. "Ka ga wannan? Ka bar ni da shi. In na gyara masa baki, ɗanka ma zai hau babur ɗin nan bai canza shi ba."

Ya yi dariya, irin dariyarsa ta gindin mangwaro, har haƙoransa na ciki suka fito.

Gregory ya fara wata magana da sauri, da Turancin nan nasu na cikin hanci, yana nuna ƙarfen. Raymond ya ɗaga masa hannu ya tsayar da shi. Katung ya ce, "Me abokin naka yake cewa?" Raymond ya amsa da Hausa, yana ɗaukar kalmomin ɗaya bayan ɗaya. "Ba komai. Baba ya zaɓa. Shi za mu sa."

Abin da Katung bai sani ba, kuma ba inda zai san shi a gindin mangwaro, shi ne wannan. Zaizayewar da ya raina ita ce amfanin baƙin harshen. In ya gaji sai ya ɓantare kaɗan kaɗan, injin ya haɗiye ya fitar ta salansa, ba abin da ya faru. Ƙarfe kuwa ba ya zaizayewa, ba ya ba da sanarwa. A babur ɗin acaɓa mai tafiya a hankali zai shekara goma. A injin da aka ƙara wa gudu haka, kaɗawa yake yi har ya gaji ya karye gaba ɗaya, kuma gutsuren ba shi da wurin zuwa sai cikin injin.

Katung ya zauna da magagarinsa ya yi aikin da bai taɓa yin mai kyansa ba. Harsunan suka kwanta luf, ko haske ba ya ratsawa.

Ranar tseren, cikin watan Fabrairu, har da shi aka je. Ya sa riguna kan riguna har ba ya iya sauke hannu, ya tsaya a bakin tafkin cikin Turawa, sanyi yana yanka masa kunne. Aka saki babura suka kewaya fili. Raymond yana cikin na gaba. Katung ba ya ganin fuskar kowa saboda hular kwano, amma yana jin muryar injinsa daban a cikin sauran, tas, ba tari. Ya taɓa wani dattijo da ke kusa da shi ya ce da Turanci, "Ɗana ne."

Suna fitowa daga kwana muryar ta yanke. Ba ta yi tari ba, ba ta ja ba, ta dai ɗauke. Babur ɗin Raymond ya tsaya cak a tsakiyar hanya, wanda ke bayansa kuwa yana tafe da cikakken gudu cikin ƙurar ƙanƙara, bai gan shi ba sai da ya hau shi. Tun kafin mutane su yi ihu Katung ya riga ya san daga inda abin ya fito, kunnensa ya gaya masa.

Raymond ya rayu. Ƙashin bayansa ne ya karye, daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai. Duk wanda ya zo dubiya daga coci sai Raymond ya ce masa tsautsayi ne, shi ne bai kauce da wuri ba. Gregory ya dawo da ragowar babur ɗin gareji, ya sauke, ya gaida Olive, ya tafi bai haɗa ido da Katung ba. Katung ya kwance injin shi kaɗai. Ya tarar da fistin a farfashe, rabin harshen ƙarfe a cake a jikinsa, gefen da ya goge da hannunsa yana ta ƙyalli.

Ya sa gutsuren a aljihu ya tafi asibiti. Ya jira Olive ta fita, ya ajiye shi a kan zanen gadon.

"Abin da Baturen nan yake son faɗa ke nan ranar?"

"E, Baba."

"Kai ma ka sani?"

"Na san yana iya faruwa. Na ɗauka zai kai tsere ɗaya, in canza daga baya ba ka sani ba."

"To me ya hana ka gaya mini? Ni ba mutum ba ne da za a gaya wa?"

Raymond ya juya kai wajen taga. Da Hausa ya amsa. "A gaban baƙo zan ce maka ba ka iya ba? Kuma tun da ka zo ƙasar nan, ranar na fara ganin ka yi dariya."

Katung ya fita baranda ya yi kuka, kukan da bai yi ba ko ranar da aka binne mahaifinsa.

Yanzu ya bar aikin asibitin. Shi ke ɗaga Raymond da safe, shi ke yi masa wanka, shi ke tura kekensa na guragu zuwa wurin gashi da motsa jiki, kuma ya iya turawa, ai ya daɗe yana koyo. Kullum suna tare. Hausar Raymond ta nuna, har zolayar uban yake yi da ita. Abin da Katung ya yi ta roƙon Ubangiji ke nan tun da ya sauka, kuma ya samu, sai dai ba ya iya buɗe baki ya yi godiya a kai.

Kwanan baya tayar keken ta hagu ta fara ƙara, ƙiii ƙiii, duk inda suka bi. Ƙaramin abu ne, yaron makaniki ma zai gyara shi kafin shayi ya huce. Raymond ya ce, "Baba, ɗauko sifana ka duba mini mana." Katung ya durƙusa ya saurari tayar, ya san abin da ke damunta sarai. Ya daɗe a durƙushe, hannuwansa a kan gwiwa. Sannan ya miƙe ya ce, "A'a. Kira kamfanin, su kawo sabuwa."