Yadda Heidrun Tietjen Ta Ja Daga da Kamfanin Inshora

A unguwar masu kifi ta Bremerhaven, kafin ka ga Heidrun Tietjen muryarta za ka fara ji. Shekara arba'in da takwas ta yi a zauren gyaran kifi, inda injuna ke ruri, ruwa ke kwarara, wanda bai iya ɗaga murya ba sai dai ya haɗiye maganarsa. Tana 'yar shekara goma sha biyar ubanta, ma'aikacin jirgin kamun kifi, ya raka ta ƙofar wurin ya juya. Kafin ta kai ashirin tana raba kifi da ƙayarsa a ja biyu na wuƙa ba tare da ta duba ba, bakin kuma bai fasa aikinsa ba. Ita mata suka zaɓa wakiliyarsu, ita ce kuma ta tisa manaja a gaba wata uku cur har sai da aka saya wa kowa takalmin roba mai ɗumi.

Mijinta Hinnerk mai walda ne a wurin ƙera jiragen ruwa, mutum ne da zai wuni bai furta kalma goma ba. Mutane suka ce an haɗa daidai, don gida ɗaya ba zai ɗauki baki biyu irin nata ba. 'Yarsu ɗaya, Swantje, wadda ta yi aure a Hannover. Shekara biyu kafin Heidrun ta yi ritaya zuciyar Hinnerk ta tsaya yana cikin gyaran keke a tsakar gida. Ba ta yi wani dogon kuka ba, ranar Litinin ta koma bakin aikinta.

Ritayar ce ta kayar da ita. An yi mata walima, an ba ta furanni da agogon bango, washegari ta farka babu inda ake jiranta. Ta fara da ɗan kofi guda na barasar hatsi bayan abincin rana, wai don ya sauka. Da aka yi mata aikin gwiwa likita ya ba ta ƙwayar barci, sai ta gano cewa idan ta haɗa su biyun wunin yakan wuce da sauri. Cikin shekara uku kwalba guda ba ta kai ta yamma. Kwalaben da suka ƙare kuwa a cikin injin wanki take ɓoye su, saboda ƙawarta Gesine Ahlers, wadda suka yi aiki kafaɗa da kafaɗa tun suna 'yan mata, tana da ɗabi'ar leƙa kwandon sharar mutane.

Asirin ya tonu ranar Asabar ɗin da za a yi bikin shigar jikarta aji ɗaya. Heidrun ta ci ado, ta rungumi ƙunshin alawa da fensira da ta haɗa wa yarinyar, ta ce bari ta ɗan kurɓa kaɗan don hannunta ya daina rawa. Ba ta kai tashar jirgin ƙasa ba. A bakin inda bas ke tsayawa ta kife, alawa ta warwatse a titi, tsintsiyar hannunta ta karye. Da yamma Swantje ta kira asibitin, ta ce, "Mama, yarinyar nan ta wuni tana kallon ƙofa. Kada ki ƙara kiran gidana sai kina cikin hayyacinki." Ta kashe wayar.

Likitan ma bai yi mata kara ba. Ya ce hannu zai warke cikin mako shida, amma ba shi ne ciwonta ba. Aka kwantar da ita mako uku ana wanke mata jiki daga barasa da ƙwaya, ta sha karkarwa da gumi da amai, inshorar lafiyarta ta biya ba tare da gardama ba. Da za a sallame ta aka tura ta ofishin ba masu shaye-shaye shawara, wurin wata mata siririya mai sanyin murya, Frau Sobotta, wato Madam Sobotta. Ita ta fahimtar da ita cewa wanke jiki somin-taɓi ne, ainihin jinyar mako goma sha biyar ce a wata cibiya da ake kwana a can. Da tana aiki hukumar fansho ce za ta ɗauki nauyi, amma tunda ta yi ritaya, sai a nema wurin kamfanin inshorar lafiyarta. Suka cike takardu, aka aika.

Amsa ta zo bayan mako uku, shafi ɗaya. Kamfanin ya ce ya duba yanayinta, ya ga zuwa ganin mai ba da shawara sau ɗaya a mako zai wadatar, ba sai an kwantar da ita ba.

Heidrun ta karanta sau biyu a tsaye. Sai ta ji wani abu ya taso mata daga tafin ƙafa, abin da ta yi shekaru rabonta da shi. Fushi ne, irin na zamanin takalmin roba, kuma daɗinsa ta ji. Ta zari kwat ɗinta ta nufi ofishin Frau Sobotta ba tare da an ba ta lokaci ba, ta shimfiɗa takardar a tebur.

"Sun duba shekaruna sun ga tsohuwar firij ce, gyaranta asara. Ko ba haka suke nufi ba?"

Frau Sobotta ta ce ba haka aka rubuta ba, kuma ba ta san abin da ke ransu ba. Amma ta nuna mata wasu ƙananan layuka a ƙasan shafin: tana da wata guda ta rubuta cewa ba ta yarda ba, dole kuma a sake duba maganar. Ta ce yawancin mutane ba sa kaiwa nan da karatu, daga ganin an ƙi sai su ninke takardar su nufi kantin barasa.

Wata guda. Heidrun ta ji kamar an buga ƙararrawar fara aiki. Frau Sobotta ta ce za ta rubuta nata bayanin da yaren ofis, ta kuma karɓo na likitoci. Heidrun ta ce ta rubuta, amma ita ma za ta rubuta nata da hannunta. Hannun dama bai gama warkewa ba, don haka da hagu ta yi, haruffa na hawa na gangara kamar na 'yan aji ɗaya. Kullum da rana Gesine takan rufe rumfarta ta sayar da burodi da kifi ta zo da ledar jatan lande, ta zauna tana ɓarewa, Heidrun na karanta mata abin da ta rubuta.

"Cire wannan, uwar surutu," in ji Gesine. "Ba a ce wa mutumin da kike neman abu a wurinsa kan kifi."

"To me zan ce masa?"

"Ki faɗa masa inda kike ɓoye kwalabe. Kin zaci ban sani ba? Shekara biyu ban ji injin wankinki ya yi ƙara ba."

Heidrun ta sake duban abin da ta rubuta. Daga nan ta yaga shafin ta soma sabo. Ta rubuta maganar injin wanki. Ta rubuta cewa daga tagar kicin ɗinta tana hango kantin da take saye, taku tamanin ne, ta sha ƙirgawa. Ta rubuta cewa mai ba da shawara awa ɗaya zai gan ta a mako, sauran awannin ita da tagar ne. Ta ƙare da cewa uwarta ta kai casa'in da ɗaya, don haka idan suna tsammanin ta kusa tafiya su sake lissafi. Shafi huɗu ta cika.

Ba ta yarda ta sa a gidan waya ba. Ta sa kwat ɗinta na zuwa coci, ta hau bas zuwa ofishin kamfanin, ta bi layi. Ma'aikacin da ta samu ya ce ai da ta aiko ma ya isa. Ta ce akwatin gidan waya ba ya kallon mutum a ido, ya buga mata hatimi a kwafinta da kwanan wata. Ya buga. Ta ce bai fito sosai ba, ya ƙara. Da ta fito sai da ta taka tasha uku a ƙasa saboda zumuɗi ya hana ta tsayawa jiran mota.

Jiran amsar ne ya fi wuya. A mako na huɗu, wata Laraba da Gesine ta tafi ganin likitan haƙori, Heidrun ta yi takun nan tamanin. Washegari da safe ta je wurin Frau Sobotta fuska a kumbure, ta faɗi gaskiya, tana jiran a ce ta ɓata komai. Frau Sobotta ba ta yi mata faɗa ba. Ta nemi izininta, ta sa likita ya rubuta abin da ya faru, suka ƙara a kan takardun, domin wannan shi ne ainihin abin da suke ta ƙoƙarin nuna wa kamfanin.

Kwana tara bayan haka, da hantsi, ambulan ya faɗo ta ramin ƙofa. Kauri gare shi. Heidrun ta farke shi da haƙori, idonta ya tsallake gaisuwa ya sauka a kan "mako goma sha biyar". Ba ta san lokacin da ta fita ba. Da silifas ɗin ɗaki da tawul a kafaɗa ta ratsa titi, ta wuce kantin ko kallonsa ba ta yi ba, ta gangara bakin ruwa tana kaɗa takardar a sama. Mutane shida ne a layi a rumfar Gesine, ta kutsa gabansu.

"Sun sallama, Gesine. Karanta da ƙarfi, kowa ya ji."

Gesine ta goge hannu ta karanta tun daga sama har sa hannu, masu layi suna sauraro ba su san kan zancen ba. Da aka ba su labari sai wani direban babbar mota ya fara tafi, sauran suka bi. Gesine ta ce tun da take ba ta taɓa ganin wanda za a kulle wata uku da rabi yana murna haka ba, ta kuma umarce ta da ta koma gida ta sa takalmi kafin a ce haukan ma ya kama ta.

Cibiyar tana can kudu cikin tsaunuka. Heidrun, wadda duk rayuwarta ba ta san tudun da ya wuce madatsar teku ba, ta manne wa tagar jirgin ƙasa tana kiran Gesine a waya duk rabin awa. Ita ce mafi tsufa a wurin. Akwai masu hodar iblis, akwai masu yi wa kansu allurar ƙwaya, akwai malamin makaranta, akwai mai gyaran rufi. A mako na farko ta shiga kicin ta ga yadda ake wulaƙanta kifin Juma'a, ta karɓe wuƙar daga hannun mai dafa abinci, daga ranar kuma Juma'a ta zama tata.

Ba duka ne daɗi ba. A mako na biyar aka taɓo maganar Hinnerk a zaman da ake yi na rukuni, ta tashi ta haɗa akwatinta ta ja shi har bakin ƙofa. Ta zauna a kansa kusan awa ɗaya. Abin da ya mayar da ita ciki shi ne tunanin cewa wani a kamfanin zai buɗe fayil ɗinta ya gyaɗa kai ya ce dama ya faɗa. Ta koma, ta yi kukan da ya kamata ta yi shekara shida da suka wuce. A can kuma ta koyi iyo, ita da ta girma a bakin teku ba ta taɓa shiga ruwa ya wuce gwiwarta ba. Ranar da ta ratsa kwamin wanka daga wannan baki zuwa wancan, sai da aka ji ihunta a ofishin darakta.

Swantje ta zo a mako na goma, ita kaɗai. Suka zaga daji awa biyu. Ba ta ce ta yafe ba, amma da za ta shiga mota ta ce ana iya kiran gidan ranar Lahadi da ƙarfe huɗu.

Yanzu Heidrun tana da shekara saba'in da ɗaya, shekara huɗu ke nan ba ta kurɓa ba, ko da yake ita ba ta yarda a yi mata wannan lissafi, takan ce na yau kawai ta sani. Duk Talata da safe tana ɗakin jira na ofishin Frau Sobotta da butar gahawa da tabarau a wuya. Ba ma'aikaciya ba ce, babu wanda ya naɗa ta, amma duk wanda ya shigo da ambulan a ninke wurinta ake nuna masa. Wasu ana amincewa da nasu tun karon farko, takan taya su murna har su ji kunya. Wasu a ƙi har sau biyu. Akwai waɗanda ta raka har tasha suka tafi jinya, bayan wata shida ta gan su a bakin kanti, ta gaishe su da sunansu ta ce Talata tana nan.

Makon jiya wani tsohon mai tuƙa injin ɗaga kaya, Eilert Bruns, ya shigo ya zauna a kujerar ƙarshe yana murza hularsa. Sai da ta ba shi gahawa kofi biyu sannan ya zaro takardar daga aljihun baya, duk ta yamutse. Ta sa tabarau, ta duba kwanan watan, ta ƙirga da yatsu, ta miƙe tsaye.

"Herr Bruns, yau ce ranarka ta ƙarshe, kuma ƙarfe ɗaya suke rufewa. Ka iya rubutu?"

Ya ce ya iya, sai dai hannunsa na rawa.

"Layi biyu kawai za ka yi, ka ce ba ka yarda ba, dalilai na biye. Sauran sai mu zauna mu yi a nitse."

Ya rubuta, ta riƙe masa gefen takardar. Frau Sobotta ta leƙo ta duba ta ce ya yi. Sha biyu da kwata suka fito, Heidrun a gaba da jakarta a hammata, Eilert na haki a bayanta. Bas na shirin tashi ta daka wa direban kira daga wancan tsallaken titi, ya taka birki ya buɗe musu ƙofa.