Rigar Ruwan Yayana

Ko gigin tsufa ya kama ni, ba na jin zan manta ranar da na feɗe yayana da ransa.

Mu mahauta ne a Mafara. Da aka tare ruwan Bakolori, sai ya cinye hanyar da Yaya ke bi zuwa rugagen wajen Maradun cinikin shanu. Zagaye akwai nisa, shi kuma mutum ne mai gaggawa. Sai ya samo wani siririn kwalekwale mai cin mutum ɗaya, irin wanda Turawan aikin dam ke shawagi da shi. Ga shi da ciwon sanyi, ruwa bai taɓa shi ya kwana lafiya, don haka muka je wurin wani ɗan gwanjo mai rigunan roba na Turawan, masu rufe mutum daga wuya har tafin ƙafa.

Ɗan gwanjon ya miƙo wadda ta yi daidai da shi, ya ce a sa ta kama jiki, a tsuguna a fitar da iska. Yaya ya ɗaga ta, ya yi tsaki.

"Ni da iyali da girmana in shiga wagga aba? Miƙo min waccan babbar."

Waccan ɗin ko bajimi aka sa mata sai ya juya a ciki. Na ce, "Yaya, ta yi yawa fa." Ya ce mi na sani ga tufafi. Ya zura ta a kan babbar rigarsa, ya ja zif, iska ta cika ta tam. Mutane suka taru a bakin ruwa, har ana yi masa kirari.

Bai yi nisa ba kwalekwalen ya kife. Iskar duk ta gudu ƙafafu. Kai ya yi ƙasa, ƙafafu biyu kumbura-kumbura suka tsaya a sama suna harbi. Wasu suka fashe da dariya, sun ɗauka wasa ne. Ni kuwa wallahi tunanina ɗaya: me zan je in gaya wa Inna?

Na faɗa ruwan, ashe iya ƙirjina ne. Na ja shi, ya ƙi juyuwa. Sai na zaro wuƙar aikina na tsaga robar daga dunduniya, yadda muke fara fiɗar rago. Iska ta fita fuuu, kansa ya taso. A gaɓa zif ya cije, dole na ƙarasa fiɗar a gaban jama'a. Da ya gama aman ruwa, ya dube ni da jajayen idanu ya ce, "Kai, ka ɓata min riga."

Na zauna a taɓo na yi ta kuka, ina dariya.

Tun daga ranar, in abu na tsaron rai ne, ba na tambayar yadda zai yi mini a idon mutane. Masu kirarin nan, ko ɗaya bai jiƙa wandonsa ba.